Abin da Tsohuwar Cikin Fim Ta Ce

Yayana ya dawo gida da bazara, ana dab da ba mu jiha. Ya shiga gidan yari da baƙin gashi, ya fito da furfura a gemu da wata irin tafiya ta bin jikin bango, kamar kullum akwai wanda yake ba hanya. Abin da ya kai shi kowa a Gwandu ya sani. Yana saurayi ya je noman rani a fadamar Kalgo, suka yi gardama da maƙwabcin gonarsa a kan ban ruwa, ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a ka. Mutumin bai tashi ba. Ɗan Wurogauri ne, kuma shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa.

Mahaifinmu bai ga dawowarsa ba. Inna ce ta tarbe shi. Ta bar shi ya huta har ya fara cinye tuwonsa, sannan wata safiya ta zaunar da mu ta ce masa:

"Hukuma ta gama nata, saura naka. Uwar yaron nan tana nan da rai, an ce idonta ya fara tafiya. Ka tai ka durƙusa gabanta tun tana iya ganin wanda yad durƙusa. Ƙanenka shi raka ka."

Ya ce to. Ranar kasuwa ya sayo goro mai kyau, fari da ja, domin ba a zuwa neman gafara hannu sake. Ya naɗe shi a ganye, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye bayan randar Inna inda ya fi sanyi. Kowace safiya sai ya yayyafa masa ruwa. Amma tafiyar ba ta zo ba. Yau sai ya sami riga mai kyau, gobe sai zafi ya ragu. Ni ban matsa masa ba. Na ga mutum ne da ke tara ƙarfi a hankali, kuma goron bai nuna alamar gajiya ba tukuna.

A gidan yari ya koyi aikin kafinta. Da farko ba wanda ya kawo masa ko kujera 'yar tsugunno, sai mai gidan kallon da ke bayan tasha. Shi bencinansa kullum a karye suke, saboda in faɗa ya yi zafi a fim samari kan benci suke hawa. Yayana ya riƙa gyara su, shi kuma mai gidan ya bar masa wurin zama a can baya, kusa da ƙofa.

Gidan kallon rumfar kwano ce, an kewaye ta da zana, an lulluɓe zanar da buhuna don kada haske ya shiga. Talabijin ɗaya ce a kan tebur da bidiyo a ƙarƙashinta, inji na kuka a waje. Bayan La'asar ake farawa, a tashi kafin Magariba. Zafin ciki ba a magana, mutum ya fito riga ta manne masa a baya. Fim ɗin Indiya da na Canis ake sawa, amma na Canis ya fi cika rumfa.

Ba mai jin abin da suke cewa a cikinmu. Akwai wani farin rubutu da ke wucewa a ƙasa, rabinsa ya nutse a bakin gilashin. A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, sai da girma ya zo na shiga ajin manya, kuma da na sani ma ba Hausa ba ce. Don haka kowane gidan kallo yana da mai fassara. Namu wani tela ne da ya taɓa zama Ikko, ya ce ya yi aiki da Canisawa a bakin ruwa. Yakan tsaya gefen talabijin da 'yar sanda a hannu, in mutum ya buɗe baki a fim, shi kuma ya faɗa mana abin da ya ce. Yana da murya ta maza da ta mata da ta tsofaffi. Ba wanda ya taɓa tunanin ya tambaye shi yadda aka yi ya ji.

A cikin wannan bazarar aka kawo wani tsohon kaset, hotonsa har ya fara yin ruwa-ruwa. Labarin wani makashi ne mai baƙaƙen kaya da dogon gashi ɗaure a ƙeya. Wani mai farin gemu ke aikensa, ya je ya kashe wanda aka nuna masa, ya dawo ya wanke hannu a kwano. Ba ya dariya, ba ya cika baki. Daga cikin waɗanda ya kashe akwai wani saurayi da ya samu a bakin rijiya yana shan ruwa. Tun daga nan ya daina karɓar aike. Ya juya wa mai farin gemu baya, aka yi ta turo masa mutane yana karkashe su, har ya gama da mai gemun kansa a kan wani dutse.

A irin fim ɗin da muka saba, nan ake tashi. Wannan bai ƙare a nan ba. Makashin ya bi hanya da ƙafa har wani ƙauye, ya sami uwar saurayin nan tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa, ya ajiye takobinsa a gabanta, ya kifa goshi a ƙasa. Tsohuwar ta daɗe tana magana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, fuskarta ba ta nuna komai ba. Sai ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Yana nan durƙushe rubutun ƙarshen fim ya hau.

Tela ya sa muryar tsofaffi ya ce:

"Tac ce: tashi ka ba ni wuri! Jinin ɗana shina wuyanka har gaban Allah. Ko ƙasar ƙofata ban yafe maka ka taka ba!"

Rumfa ta ɗauki tafi. Na waiwaya baya. Yayana na zaune a wurinsa, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

Ni gyaran keke nake yi a lokacin, a gindin wani dogon yaro da ke fuskantar gidan kallon. In an tashi, nan ake zuwa a sha iska a yanke wa mutanen cikin fim hukunci, kamar 'yan unguwarmu ne. Wane ya kyauta, wance ba ta da kunya, wane da a nan ne da ba a ba shi mata ba. Yayana ma a nan yake kafa teburinsa, a bayan bishiyar. Ranar ya riga kowa fitowa, ya ɗauki katako yana gogewa.

Wani mahauci ne ya fara. Mutum ne mai faɗin ƙirji da son a ji ta bakinsa.

"Wanga ba akta ba ne. Akta ba ya kashe mutum shina shan ruwa."

"To in bos ne, mi ya sa anka fi nuna shi?" in ji wani direban a-kori-kura, abokina.

"Kai ma an fi ganinka tasha, ka zama sarkin tasha?"

Aka kwashe da dariya. Direba ya ce ai ya kashe mai farin gemu, wanda ya kashe bos kuwa akta ne ko ana so ko ba a so. Wani ya ce fim ɗin ba shi da akta sam, an cuce su. Wani ya ce shi faɗan kan dutse kawai ya zo gani, sauran duk surutu ne.

Akwai wani dattijo makiyayi da ya kawo mini kekensa, shi ma ya shiga kallo tare da mu. Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce:

"Ni dai na ga ta daɗe tana magana. Kora ba ta ɗaukar wanga lokaci. Ko akuya ka kora, kalma guda ta isa."

"Baffa, Canisanci haka yake," in ji tela. "Kalmarsu doguwa ce. Kafin su ce maka sannu ka sha fura ka ƙoshi."

Aka sake dariya. Sai mahauci ya gyara tsayuwa.

"Ni tsohuwar nan ce ta burge ni. Ku duba fa. Ka kashe ma mace ɗa, ta yi kukanta ta gama, ta koyi zama da abinta. Sannan ka kwaso ƙafa ka zo kana durƙuso. Don ita kaz zo? Don kanka ne. So kake ka samu barci. Ka ɗauke mata ɗa, yanzu kuma ka zo ta ba ka barci kyauta. Mai kunya ko hanyar garin ba ya bi."

"Gaskiya ne," in ji mutane da yawa.

Ƙarar gogar katako ta tsaya. Tsayawar ce ta tuna musu da wanda ke bayan bishiya. Wani ya yi tari, wani ya duba rana ya ce Magariba ta kusa. Mahauci ya sosa ƙeya.

"Kafinta, ni fim nike faɗi."

"Na sani," in ji yayana. "Fim ne."

Ya ci gaba da gogarsa.

Duk kwanakin da kaset ɗin ya yi a Gwandu bai fasa shiga ba. Ba faɗan yake kallo ba, don sau da yawa sai an kusa ƙarshe yake ajiye aiki ya shiga. Tela kuwa kullum ƙara wa tsohuwar zafi yake, saboda ya ga nan ake tafi. Yayana ya daina yayyafa wa goro ruwa. Inna ta lura, ta riƙa yayyafawa da kanta. Da na tayar masa da maganar tafiya sai ya ce:

"A bar baiwar Allah ta huta."

Bayan an mayar da kaset ɗin da ɗan lokaci, direban nan ya zo in yi wa keken ɗansa faci. Yana zaune yana jira ya ce:

"Ka san fim ɗin makashin nan shina Kalgo yanzu? Na shiga shekaranjiya. Can ta yafe mai."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Wace ce ta yafe mai?"

"Tsohuwar mana. Har ruwa tac ce shi shiga shi sha."

"Kaset ɗin guda?"

"Shi ne dai, har inda hoton ke rawa wajen rijiya. Daga Birnin Kebbi suke karɓo shi, in nan an gama a kai can."

Da yamma na sami yayana yana haɗa kayan aiki, na gaya masa yadda direba ya gaya mini. Shi ma tambayar da ya yi ke nan, ko kaset ɗin guda ne. Na ce guda ne. Na ce mu je ranar kasuwar Kalgo, don ranar tun bayan Azahar suke sa fim. In an tashi, motar Wurogauri tana nan tana lodi, sai mu wuce. Da safen ranar kasuwar na ji motsinsa a bayan randa.

Muka sauka Birnin Kebbi muka sake mota. Ya sa farar rigar mahaifinmu, ƙullin goro a cinyarsa. Da muka fara hango fadama ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba sai da mota ta tsaya. Tun ranar da aka tafi da shi bai sake taka Kalgo ba. Yana tafe yana jiran wani ya nuna shi da yatsa. Ba wanda ya dube shi. Masu albasa na ta ciniki, masu kifi na kore ƙuda.

Gidan kallon Kalgo a gefen kasuwa yake, ƙaurin bandar kifi har ciki. Masunta ne da 'yan ƙauye suka cika shi. Mai fassararsu wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai fara'a, da tawul a wuya. Shi ba sanda yake riƙewa ba, da dukan jikinsa yake fassara. Ya mai da mai farin gemu dillalin shanu, ya ce makashin yaron gidansa ne da ba a biya. Mutane na ta dariya. Yayana bai yi ba, jira yake.

Da aka zo ƙofar tsohuwa, mai fassara ya sassauta murya, ya dafa ƙirji.

"Tac ce: ɗana, tashi. Wanda yat tafi ya riga ya tafi. Na daɗe ina jiran ka zo. Tsakaninka da Allah wannan naku ne, amma ni na yafe. Tashi ka sha ruwa."

Wasu suka yi ajiyar zuciya. Wani daga gaba ya ce:

"Ƙarya ne! To mi ya sa ta rufe ƙofa?"

"Ruwan ta tai ɗebowa!" in ji mai fassara. "Kai uwarka a buɗe take barin ɗaki, kaji su shiga?"

Rumfa ta fashe da dariya. Na dubi yayana. Ƙullin goron na hannunsa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Tun da ya dawo ban ga ya yi kuka ba, ko a kabarin mahaifinmu.

Muka fito cikin rana. Na ce mu yi sauri mu kama mota. Ya ce in dakata. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun dawowarsa, ya tunkari baƙon mutum da kansa. Mai fassara na tsaye a inuwa yana shan ruwa a moɗa. Yayana ya yi masa sallama ya ce:

"Malam, don Allah tambaya gare ni. Abin da tsohuwar nan tac ce, haka tac ce?"

Mutumin ya sauke moɗa, ya yi dariya har tawul ɗinsa ya zame.

"Haba Dattijo! Ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba, ina ni ina Canisanci? Fuska nike dubi, in dubi jama'a. Yau kasuwa ce, mutane sun sha rana, sun baro gida. In na sa ta kore shi su fita rai ɓace, wani mako ba su dawowa. Jiya da samari sunka cika rumfa, tsine mai na sa ta yi, sun fi son haka. In kana so ka dawo gobe ka ji wannan."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Har ya miƙa wa yayana moɗar. Yayana ya karɓa ya riƙe, ya mayar masa bai sha ba, ya yi godiya.

A hanyar tasha na yi ta magana. Na ce:

"Yaya, ka ga ke nan tela ma bai sani ba. Nashi ma shi ya ƙaga. Ba wanda ya san abin da tac ce. Ba a kore shi ba."

Yana tafe ya amsa.

"Tela bai sani ba. Mahauci fa? Shi ba fassara ya yi ba. Da waɗanda sunka yi tafi. Su Hausa sunka yi, na ji su."

Muka ƙarasa tasha.

Motar Wurogauri na tsaye, ana ɗora mata buhunan gishiri da jarkokin kananzir. Muka zauna a benci muna kallonta. Ɗan kamasho ya zo ya tambaye mu ko can muka nufa. Na ce e. Yayana ya ce a bari ta ƙara cika. Na ce masa in mun je ni zan fara shiga in yi sallama, in uwar yaron ta ce ba ta son ganinsa sai mu juyo, ba wanda zai sani. Ya ce ita za ta sani. Ya sa hannu yana girgiza ƙafar bencin da muke kai, ya ce ƙusa ta saki. Mata suka hau da kwandunansu, maza suka maƙale a baya. Ɗan kamasho ya sake dubanmu. Na dubi yayana, yana nan yana duba ƙafar benci. Aka tura motar ta tashi. Muka bi ta da ido har ta sha kwana.

Muka kwana Birnin Kebbi gidan wani ɗan'uwan Inna, da hantsi muka iso gida. Inna ta dubi ƙullin goron, ta dube ni. Na girgiza kai. Ta karɓa ta mayar bayan randa. Yayana ya ce sai bayan damina, in hanya ta yi kyau. Goron bai kai damina ba. Da ya fara yamushewa Inna ta riƙa ba maƙwabta ɗaya-ɗaya har ya ƙare.

Tsohuwar Wurogauri ta rasu da kaka. Wata mai tallan busasshen kifi, 'yar unguwarmu da ke aure a can, ita ta kawo wa Inna labari. Ina zaune ina cin abinci a tsakar gida. Ta ce a watanninta na ƙarshe tsohuwar takan tambaya: "An ce ya fito. Bai zo ba?"

Inna ta matsa kusa da ita.

"Yaya ta faɗe shi? Da fushi ko da mi?"

"Wallahi Inna, haka dai tac ce. Ba sau ɗaya ba. Ita kuwa ba a gane fuskarta."

Inna ba mai ɓoye magana ba ce. Da yayana ya shigo ta gaya masa kamar yadda aka gaya mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya tsaya da kayan aikinsa a kafaɗa ya saurara har ta gama. Bai yi tambaya ba. Ya shiga ɗakinsa, tuwonsa ya huce a ƙofa.

Ya ci gaba da gyara bencinan gidan kallo, amma da safe, kafin a tayar da inji. Bai ƙara zama a ciki ba. Ya yi wasu shekaru a haka. Mutane suka saba da shi, har aka fara kawo masa ƙofofi da gadaje. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, ana tsakiyar shuka.

Mahaucin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma ya zauna zaman makoki da mu har aka tashi. Daga baya, wata rana ya kawo mini kekensa, muna hira na tambaye shi ko yana tuna fim ɗin makashin nan da ya je ya durƙusa wa tsohuwa. Ya ɗan yi tunani, ya ce na Canis ne ko na Indiya? Na ce na Canis. Ya ce sun yi yawa, ba zai iya rarrabewa ba. Na gama masa facin, na hura taya, ya hau ya tafi.